Bencin Bayan Ginshiƙi

Cocin da aka buɗe ranar Lahadin nan shi ne gini na farko da Enoch Hebden ya zana, kuma duk garin masaƙan ya yarda yaron ya yi abin kai. Hasumiyar ta kere bututun hayaƙin masana'antu, tagogi masu tsini sun sha gilashi mai launi.

Tun wajen zane attajiran da suka ɗauki nauyin aikin suka gindaya masa sharaɗi. Su ke hayar kujerun gaba, don haka a fitar wa masu zaman kyauta ƙofarsu daban ta gefe, a tura bencinansu bayan ginshiƙai, kada warin ulu ya dami matan manya. Enoch ya zana yadda suka ce. Don neman suna ma har ƙara wa ginshiƙan kauri ya yi.

Uwarsa wankau take yi a ƙauye. Bai taɓa ambatonta a gaban mutanen nan ba, balle ya gayyace ta. Ana tsakiyar waƙa ya waiwaya daga layin gaba, inda ya hakimce cikin manya, sai ya hango gefen tsohon mayafinta a bayan ginshiƙin ƙarshe. Kunya ta rufe shi, amma bai tashi ba.

Sai da aka watse ya zagaya ta ƙaramar ƙofa, ya same ta tana ɗaura igiyar takalmi.

"Mama, wa ya kawo ki?"

"Ƙafata mana. Ko ka aiko da keken doki ne ban gani ba?" Ta kakkaɓe masa kafaɗar kwat. "Dubi yadda ka rame. Manyan naka ba sa ba ka abinci?"

"Da kin shiga ta babbar ƙofa."

"Na je, mai gadi ya ce wannan ce tamu."

Ya sunkuyar da kai.

"Matar da ke gefena ta leƙa, ta ce akwai wata babbar taga can gaba mai hoton tumaki, rana na ratsa ta. Na ce mata ɗana ne ya yi. Ni dai dutse na yi ta kallo har aka tashi." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bangon. "Wanda ya dasa ginshiƙin nan a gabanmu, Allah ya shirye shi, shi ba shi da uwa ne? Ka yi masa magana, Enoch. Kai suna jin maganarka."

"To, Mama," in ji shi.