Geron Turba a Kashin Rabbi

Digiri biyu gare ni, amma abin da mutanen garinmu Turba suka riƙe shi ne Zahra'u ɗiyar Is'haƙa maharbi tana can ƙasar waje tana kwasar kashin dabba. To, ai ba su yi ƙarya ba, kwasa nake! Inda nake aiki rabbi muke kiwo, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace gudu. Ba a son a riƙa danne su ana ɗibar jini, sai mu auna kashinsu mu ga ko sinadarin haihuwa ya motsa a jikin mace.

Mata biyu ne a keji ɗaya. Don in bambance kashinsu nake cusa gero cikin naman da ake ba ƙaramar, wadda na raɗa wa Tasalla, geron kuwa yakan fito yadda ya shiga. Na gonarmu ne, na daminar ƙarshe kafin 'yan bindiga su tashe mu.

Wata goma sha huɗu awo bai nuna komai ba. Shugabanmu ya ce juya ce, nan da wata uku za a cire ta daga shirin. Wallahi raina ya ɓaci.

Da na zo hutu na iske Baba a garin Isa inda suka yi gudun hijira, a zauren yayana Kamalu, idanun sun tafi. Mutumin da a da yakan saɓa ni a wuya mu shiga daji, ya murje kashin barewa da yatsa ya gaya mini jiya ta wuce ko shekaranjiya. Na ba shi labarin Tasalla.

"Su biyu wuri guda?" in ji shi. "Duk mata?"

"E, Baba."

"Kai! Wa ya koya muku wannan? Ina saurayi sau uku na bi sawun rabbi can wajen iyaka. Maza kan yi ayari. Mace ita kaɗai take yawonta, sai ko da ɗiyanta. Ku raba su."

Na koma na yi ta rigima har aka raba su. Kwana goma sha biyu awo ya tashi. Aka kai mata namiji, muka bi kashin kwana saba'in, ciki ya tabbata. Na kira Kamalu na ce ya miƙa wa Baba wayar. Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Geron nan, akwai saura?"

"Cikin tafi ɗaya, Baba."

"Har yanzu ba ta kike? Ke, ita kaɗai ce fa a kejin! Bar shi, ɗiyata, iri ne. In mun koma gida za ni shuka."

Tasalla ta haifi uku. Baba bai koma Turba ba, a Isa aka yi jana'izarsa. Geron yana nan a kwalba, duk damina sai na buɗe na duba ko ƙwari sun shiga.