Gefen da Aka Yanke

"Ba za ka liƙa shi haka ba, Velile!"

"Ni na ɗauka, tsoho. Kai durƙuso kawai ka yi."

Mzwandile ya buga sandarsa a siminti. A kan teburin Velile mai hoto, nan unguwar KwaZakhele, hotuna biyu ne a shimfiɗe. Na farko kowa ya san shi: Mzwandile da ƙuruciyarsa, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, bakin bindigogin 'yan sandan mulkin wariyar launin fata a gabansa, ranar zanga-zanga. Jarida ta buga, aka ce addu'a yake yi. Shekara arba'in makarantu na kiransa ya ba yara labari.

Na biyu shi ne hoton a cikensa, kafin almakashin edita ya bi ta dama da ƙasa. Ga matarsa Nomhle tsaye ƙyam, tana nuna ɗan sanda da yatsa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Takalmin na hannun Mzwandile. Shi ya sunkuya ɗauko mata.

"Asabar za a buɗe baje kolin hotuna a zauren unguwa," in ji Velile. "Hoto ɗaya suka ce in kawo. Na gaji da rabinsa."

"Yara za su yi mini dariya."

"Ai sun saba. Ka taɓa duba kunnuwanka a madubi?"

Mzwandile bai ko murmusa ba. Ya kawo hoto na biyu kusa da fuskarsa. Bara aka binne Nomhle. Duk makarantar da ya je, tana layin baya, jaka a cinya, yana ta bayanin addu'a. Ba ta taɓa gyara masa ba. Sai sun koma gida ta miƙe ƙafa ta ce, "Mai addu'a, zo ka cire mini takalmi."

Ya shafa fuskarta a jikin hoton da babban yatsa. Ya ma manta tana irin wannan kallon.

"To, yi shi babba," ya ce. "Ita a tsakiya. Ni ka yanke ni."

"Na daina yanka. Ku biyu kuka je, ku biyu za ku hau bango."

Velile ya jawo gilashin da za a rufe hoton da shi yana gogewa da gefen rigarsa. Mzwandile bai saki hoton ba.

"Velile, matar da ta nuna wa bindiga yatsa, me ya hana ta ɗaga hannu a layin baya ko sau ɗaya?"