Geron da Na Sa Aka Huɗe

Shekarar da aka samu 'yancin kai na dawo Kende daga makarantar koyon aikin gona, da gajeren wando na kaki da keke, kaina ya yi girman da hula ba ta shiga. Gonar Baba guda ce, ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya.

Gero yana da sati uku shanun da ke ƙetarowa daga ƙasar Dahome suka bi ta cikinsa, suka kiwace ganyen har ƙasa. Baba ya tsaya bakin gona ya ce, "Attahiru, kai kay yi karatu. Mi za a yi?"

Ban ko tsuguna ba na ce a huɗe, a sake shuka. A makaranta auduga muka fi koyo, ita kuwa idan aka guntule kanta tana ƙarama ta tafi ke nan.

Goggo Mairama, yayar Baba, tana da ɗan yanki a gefen gonar. Ta tumɓuke gindi guda, ta tsaga shi da farce ta miƙo mini. A ciki akwai 'yan ganye farare, kowanne naɗe cikin ɗan'uwansa kamar tabarma.

"Diba nan, ɗana. Ganyen hatsi daga gindi yaka tsawo, ba daga kai ba. Zuciyatai tana ƙasa, shanu ba su kai mata ba. Ku ba shi kwana bakwai."

Na yi dariya a gaban 'yan gayyar da suka zo huɗa, har da cewa ilimin zamani ya wuce tsagar farce. Har yau idan na tuna wannan dariyar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka huɗe tamu, Goggo ta hana a taɓa nata. Kafin kwana bakwai ganye ya zaro daga tsakiyar kowane gindi a yankinta, bakinsa a guntule yadda shanu suka bar shi, ƙasansa sabo kore shar. Na daina bi ta wannan hanyar da keke.

Namu na biyu ya fito da kyau, amma ya makara. Yana yin ciki ruwa ya ɗauke. Dami tara muka ɗaure a gonar da ta saba ba da sittin.

Ranar kasuwa ina bayan Baba, riƙe da akuyarsa ta ƙarshe da za mu sayar mu auno hatsi, sai tsoho Na'Allah ya tare shi cikin mutane.

"Wai wa as sa ka huɗe hatsi mai rai?"

Na sunkuyar da kai, ina jiran sunana. Baba bai waiwayo ba.

"Ni na," in ji shi. "Tsuhwa ta sa ban duba da kyau ba."