Ɗankwalin da Na Wanke

Ranar da Dogo ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin karatu, ni na ɗauki jakarsa bayan an kai shi asibitin makaranta. Saurayina ne, ajinmu ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyarsa ya faɗa shan maganin tari, na kuma gaji da alkawuransa na dainawa.

A ɗakina na zazzage jakar. Kwalabe ne, da wani tsohon ɗankwali a kansu. Na ɗauka da shi yake naɗe su don kada su yi ƙara. Raina ya ɓaci. Na tuttular da maganin, na dirje ɗankwalin da sabulu kamar shi ya yi mini laifi. Har guga na yi masa.

Washegari na kai masa jakar ina jiran yabo. Bai nemi kwalaben ba. Ɗankwalin ya zaro, ya kai hanci. Ya juya ɗaya gefen, ya sake shinshinawa.

"Kin wanke?"

"Ai ya yi dauɗa, Dogo."

"Na Umma ne," ya ce a hankali. "A sama nake sa shi. In na ji ƙamshinta, wani lokacin sai in fasa sha."

Na so ya zage ni, ko ya kore ni. Sai kawai ya ninke shi.

"Na gode, ya yi fes." Ya juya fuskarsa ga bango. "Maganin fa, duka kika zubar?"