Gyaɗar Gwaji

Magaji ya buga tafin hannunsa a kan buhun gyaɗa, har ƙura ta tashi.

"Haske? Haske ne zai ce gyaɗata da guba?"

Zulaihat, ma'aikaciyar kamfanin man gyaɗar da ya yi alkawarin kwashe kayansa gaba ɗaya, ba ta ja da baya ba. A bakin shagonsa suke a Ƙaura Namoda, masu acaɓa sun fara tsayawa kallo.

"Alhaji, mudun da ka ba mu aka niƙa, aka jiƙa da sinadari. Ruwan ake turawa ta wani siririn bututu mai rarrabe abin da ke ciki. A bakin bututun akwai wani haske mai ƙarfi da ake kira lesa. In akwai dafin funfuna, sai ya yi ƙyalli. Taka ta yi ƙyalli sosai. Kamfani ba zai ɗauka ba."

"Ƙarya ce! Wani ya ba ku cin hanci. Yanzu Shari'a ake yi a Zamfara, Hajiya. Gaban alƙali za mu, injin naku ya zo ya dafa Alƙur'ani!"

Masu acaɓa suka yi dariya. Ya farke buhu da wuƙa, ya watsa mata gyaɗa a gaban ƙafa, jajaye, busassu, ba ko ɗaya mai tabo. Ta tsuguna ta duba, ta daɗe.

"Ba irin wannan aka kawo mana ba. Wa ya ɗebo mudun?"

Ya hau babur ya nufi ƙauyensu Ɗan Isa, inda ake ɓare masa gyaɗa, yana tafe yana zagin duk wanda ya tare masa hanya.

Ya tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida da faifai a cinya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Inno, gyaɗar da na aiko a ɗiba ta gwaji, daga ina anka ɗebo ta?"

"Ɗan aikenka ya ce niƙewa za su yi su zubar. Ni in ba da mai kyau a zubar? Almubazzaranci ke nan. Cikin tsintuwa na ɗibar musu." Ta nuna kwando da haɓa: ƙanana, baƙaƙe, masu kore-kore a tsaga.

Cinikin shekara guda! Ya buɗe baki, ya tuna da wadda yake magana, ya haɗiye.

"Sun ce akwai guba a cikinta, Inno. Mai cin hanta."

"Guba? Mi suka sani? Ita muke tuyar ƙuli da ita kullum. Mai kyau ta kasuwa ce, wagga ta gida."

A gindin turmi 'yarsa Balaraba na zaune, kumatunta cike, ƙuli ɗaya a kowane hannu. Magaji ya tsuguna a gabanta, ya miƙa tafinsa.

"Tofar," ya ce a hankali. "Tofar duka."