Muciyar Shugaban Ƙungiya

Tattasai buhu goma sha biyu Vangel ya gasa a kwana biyu, shi da matarsa Trajanka, babu wanda ya leƙo. Shekara tara ke nan duk kaka ƙauyen yake haɗuwa a tsakar gidansa a yi aibar, wato gasasshen tattasai da ake niƙawa a tuƙa da mai har ya yi kauri, a cika kwalabe, a ba ƙungiyar agajin da ke ciyar da tsofaffi a birnin Strumica. Bana kowa ya ƙi.

Jarida ce ta jawo. Ta buga albashin shugaban ƙungiyar, Metodi, sai ga shi ya zarce na ɗan majalisa, shi kuwa ɗan majalisa dama kullum ana tsine wa nasa a shagon kofi. Cveta, maƙwabciyar Vangel, wadda ta yi shekara talatin a masaƙa kuma fanshonta ba ya kai ta ƙarshen wata, ta bi gida gida tana cewa ba za ta ƙara ƙona yatsunta don wani ya sauya mota ba. Vangel ya ce mata ba Metodi ne ke cin aibar ɗin ba, tsofaffi ne. Ta ce to ya je ya gaya wa Metodi.

Vangel bai iya roƙo ba. Tattasan ya riga ya nuna a gona, ya tsinke, ya gasa. Amma gasasshen tattasai ba ya jira. In ba a ɓare shi ba ya kwana uku, tsami zai yi, a zuba wa kaji. Su biyu da ƙyar suka ɓare na tukunya ɗaya. Sauran yana jibge a ƙarƙashin rumfar inabi.

Ran Asabar da hantsi Vangel ya ɗora tukunyar a murhu ya fara tuƙi. Sai ga mota baƙa a bakin ƙofa. Metodi ne, da farar riga, da mai ɗaukar hoto a bayansa, kamar yadda yake zuwa kowace shekara. Ya dubi tsakar gida wayam, ya yi kamar bai gani ba. Ya gaishe su, ya naɗe hannun riga, ya ce Kawu Vangel ya ɗan ba shi muciyar a ɗauki hoto.

Vangel ya miƙa masa. Sannan ya je ya wanke hannu, ya jawo kujera, ya zauna.

An ɗauki hoto. Metodi ya miƙo muciyar. Vangel ya duƙufa yana ɓare tattasai.

Metodi ɗan ƙasar ne, a gidan kakarsa ya tashi, ya san ƙa'ida. Wanda ya karɓi muciya ba ya ajiye ta sai wani ya karɓe shi, domin aibar in aka bar shi ko na minti ɗaya zai kama, ƙauri ya bi tukunyar duka. Wanda kuma ya ƙona aibar, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ya miƙa wa mai hoton, mai hoton ya ce shi kafaɗarsa na ciwo.

"Kawu, ina da taro ƙarfe goma sha ɗaya," in ji Metodi.

"Ka taɓo ƙasan," in ji Vangel. "Sama kawai kake shafawa."

Trajanka ta ce za ta je aron gishiri wurin Cveta, alhali akwai gishiri buhu guda a ɗaki.

Kafin rabin awa katanga ta cika da kawuna. Daga nan aka shigo, don ta katanga ba a gani sosai. Aibar ya fara tafasa yana tsartuwa, farar riga ta koma mai ɗigo ja. Trajanka ta dawo babu gishiri. Ta dai fito da kujeru, duk wanda ya zauna ta ajiye masa roba cike da tattasai a gaba. Matan ƙauyen nan ba su taɓa iya zama kusa da gasasshen tattasai hannu a sake ba. Ido na kan Metodi, yatsu na ɓara.

Cveta ta zauna dab da murhu. Ta ce tunda yau Allah ya tsayar da shi wuri ɗaya, ya gaya musu aikin da yake yi na wannan kuɗi. Ya ce yana nemo tallafi daga ƙasashen waje, yana kula da gidajen abinci bakwai, yana rubuta rahoto. Ta tambaye shi ko rahoton da gwal ake rubuta shi. Wani tsoho ya ce a bar shi, yau ne kaɗai aka ga guminsa. Metodi ya ce ba shi ya yanka wa kansa albashi ba, kwamiti ne.

"Kwamitin nan suna da hannuwa, ɗan nan?" in ji Cveta. "Ka turo mana su. Tukunya shida ta rage."

Har shi sai da ya yi dariya. Bai ce zai rage ko dinari ɗaya ba, ba su kuma yafe masa ba. Amma bai saki muciyar ba, ko da tafin hannunsa ya yi bororo. Wannan Vangel ya lura da shi.

Awa uku da rabi aibar ya yi kafin muciya ta ja layi a ƙasan tukunya layin ya tsaya. Lokacin buhun ƙarshe ya riga ya faɗi wofi, injin niƙa yana ta kuka a bayan gida, an hura murhu na biyu. Vangel ya je ya shanshana robobin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yi tsami.

Da aka kwashe aibar cikin kwalabe, gardama ta tashi a kan ƙanzon da ya rage a tukunya, wanda ake sharewa da burodi da ɗuminsa. Bisa al'ada na mai tuƙi ne. Cveta ta ce mai irin wannan albashi ya saya a kanti. Vangel ya yanko burodi mai kauri ya sa wa Metodi a hannu.

"Albashinsa ku je ku yi da kwamiti," ya ce. "Wannan kuwa guminsa ne."

Metodi ya durƙusa gaban tukunya yana sharewa. Cveta ta yi tsaki, ta ɗauki muciya ta nufi murhu na biyu.