Wa Ya Auna Ƙasar Garu?

…a'a, ba rezo ne matsalata ba. Rezon intanet shina zuwa shina ɗaukewa, duk wanda ya taɓa zama siber ɗin Sha'ibu, shagon intanet nan bakin kasuwar Malanbil, ya san halinshi. Abin da ke damuna ga shi nan gabana bisa gilashin ordinatar, wato kwamfuta. 0,35. Sifili, waƙafi, talatin da biyar. Wata takwas ina goye da lambar ga, ban taɓa sauke ta na dubi fuskarta ba.

Baba, da kana nan da ka ce, Malama, mi ya faru kuma? Malama. Tun ranar da na shiga jami'a karatun fizik ka bar kirana Kamila. Ko gaban baƙi, ko cikin gonar albasa laka har gwiwa… Malama.

To bari in gaya maka, tunda ba ka jina. Kowace ƙasar gini da lambarta, lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa ta. In ƙarama ce, bango shi tare zafin rana waje. In babba ce, zafi shi shige ciki abinshi. Littafin ƙare karatuna, memuwar ɗin da za ni kare gaban malamai nan da sati uku, duk bisa wanga abu shike tsaye — ɗakin ajiyar albasa na tubali, mai kafofin iska sama da ƙasa, wanda za shi maye rudun karan nan naka. Kaurin bangon daga lambar na fitar da shi. Daga 0,35.

Rudun… bara da damina ta faɗi. Ka buɗe, wari ya fito ya riga mu tsakar gida. Inna ta rufe hanci da gefen zane. Kai ba ka rufe ba. Ka durƙusa kana zaɓe da hannu, wagga ta yi, wagga ba ta yi ba, baƙin ruwa shina bin yatsunka har gwiwar hannu. Amalanke uku anka kai bakin gulbi anka zubar. Ba ka ce komi ba sai alhamdu lillahi, muryar kuwa ba taka ba ce. Ranar na ce cikin raina, wanga ne aikina. Zafi ne, iska ce, damshi ne, duk mun karanta su. In fizik bai iya taimakon albasar babana Na-Allah ba, mi ne amfaninshi?

Ga shi yanzu.

Jan biro, gefen shafi na ashirin da uku. Mushe Issufu — mushe shi ne malam da Faransanci — wanda ke duba aikina, bai zaga lambar ba, bai soke ta ba. Kalma uku kawai ya rubuta. Wa ya auna? Har dariya na yi. Kowa ita shike amfani da ita. Na kira shi na ce, Mushe, wuri huɗu na same ta. Ya ce, huɗu, ko mutum guda ne ya sa riga huɗu?

Fankan sama shina juya zafi ne kawai, ba shi rage komi. Wani ɗan kasuwa mutumin Kamba shina tsaye kan Sha'ibu, takardun duwan, na kwastan, shike so a buga mishi yanzu-yanzu, kamyonshi, babbar motar kaya, na jira…

Kwana shida ke nan ina tuɓe rigunan. Ta farko shafin wata ƙungiya ce, hotuna masu kyau, mata suna murmushi gaban ɗakin ƙasa. Ba sunan wanda ya rubuta, ba shekara. Ƙaƙa anka yi ban lura ba? Na lura. Na lura na wuce, don lambar ta yi min daɗi. Can ƙasa da ƙananan haruffa sunka ce daga memuwar ɗin wani ɗalibi sunka ɗauko. Na biɗo memuwar ɗin, rabin yini kafin shi sauka. Shafi na arba'in da ɗaya, ga ta zaune cikin jadawali. Shi ma bai auna ba. Ya ce daga wata takarda da anka karanta wurin wani taron masana. Riga ta biyu, ta uku — duk ɗalibin nan ne ƙarƙashi. Ɗalibi kamata. Wataƙila shi ma sati uku sunka rage mishi, wataƙila shi ma fanka irin wanga ke juyi bisa kanshi.

Ta huɗu kuwa… ita ce ke ba ni kunya. Na'urar nan ta cikin waya da ke amsa duk abin da ka tambaye ta. Na ce ta ba ni madogara, ta ba ni: sunan marubuci, sunan mujalla, shekara, har lambar shafi. Tsaf. Kwana biyu ina biɗar takardar. Mujallar akwai ta. Shekarar akwai ta. Na bi jerin takardun fitowar ɗaya bayan ɗaya da yatsa bisa gilashi, babu. Ba a taɓa rubuta ta ba. Ta ƙaga min ita ne cikin ladabi, ni kuwa na kwafa na sa cikin aikina, na yi mata layi mai kyau.

Sai na tuna zauren Kaka Haliru. Tabarma, ƙamshin tsohuwar takarda, ni ina shigo da ruwa cikin moɗa ina sanɗa kada in taka littafi. Kaka shina karantawa, wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, shi kuma daga wane… Ina jin kamar waƙa ce marar daɗi, mi ya hana su faɗi maganar kawai a wuce? Ran nan wani baƙo ya kawo wata magana ya ce hadisi ce. Kaka ya ce, wa ya gaya maka? Ya ce, ai kowa ya sani. Kaka ya ce, kowa ba sunan mutum ba ne. Bai ce ƙarya ce ba, bai ce gaskiya ce ba. Ya ce a aje ta gefe har a san ubanta. Shekarata tara. Na fita da moɗa ina mamakin taurin kan tsofaffi.

Sai da na kwana mota zuwa Kudu, na yi shekara biyar, kafin wani shi rubuta min maganar Kaka da jan biro.

Takardar taron ma ba ita ce tushe ba. Ta nuna wani tsohon littafi da ya girme ni nesa, babu shi ko'ina cikin intanet. Na rubuta ma wanda ya yi takardar, shiru. Ko ya mutu, ko ya bar aiki, ko wasiƙar ɗiyar manomi daga Malanbil ba ta kai a buɗe ba. Na rubuta ma ɗakin karatu uku na ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Yau da hantsi wata mata ta amsa. Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Ta tashi daga kujerarta, ta biɗo littafin, ta ɗauki hoton shafin da wayarta, har babban yatsanta ya fito gefe shina danne takarda. Allah shi saka mata.

Hoton ya buɗe daga sama zuwa ƙasa, sannu-sannu, rezo shina jan ƙafa. Layi na ɗaya. Na biyu. Layi na uku: ƙasa marar nauyi, wadda ciyawa ta fi yumɓu yawa cikinta — 0,35. Zuciyata ta ce, ga ta, alhamdu… sai na sake karantawa. Marar nauyi. Layi na huɗu ya fito. Ƙasa mai nauyi, ta tubali — 0,9.

Idon wani ne ya zame layi guda. Shi ke nan. Ba mugu ba ne, ba maƙaryaci ba ne. Ya gaji, ko an kira shi cin abinci, ya dawo ya ɗora yatsa bisa layin da ba shi ba. Na bayanshi ya kwafa, na bayan wancan ya kwafa, ƙungiya ta sa hotuna, ni na zo na ɗauka na kai ƙauyenmu Garu.

Kusan ninki uku. Zafin da na ce bango za shi tare…

Sha'ibu ya leƙo, Kamila, lokacinki ya cika, in ƙara? Na ɗaga mishi kai. Shi ƙara. In tashi in tafi ina?

Ka ce min kamu guda. Ina tuna wurin, bayan gida gindin darbejiya, ka ja layi da dunduniya bisa ƙasa. Ka ce, babana kamu guda shike kaurin bango, ɗakinshi ko cikin bazara sai ka biɗi mayafi da asuba. Na ce, Baba, wancan zamanin ba lissafi, ɓarnar ƙasa ce da ɓarnar ƙarfi, taƙi guda da yatsa uku ya isa. Na fiddo takarda. Ka goge hannunka ga riga kafin ka karɓa. Ba ka karanta boko, amma ka daɗe kana dubanta. Ka ce, to, Malama, takarda ta fi ni. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, har na kira Na'ima ƙawata na ba ta labari muna dariya.

Mi ya sa ban ce maka mu raba ba, rabi nawa rabi na babanka? Shi ya auna. Da jikinshi ya auna, shekara sittin shina kwana ciki. Ni ban taɓa ɗora ma'aunin zafi bisa tubali ko guda ba.

Kuma da kai kaɗai ne… Jiya Inna ke gaya min ta waya, da fara'arta. Abdurazak maƙwabcinmu ya zo da igiya ya gwada bangonka, ya tafi ya fara nashi. Bayanshi mutum uku. Har wani ya taso daga ƙauyen Tumbutu nan gefenmu bisa babur don shi gani da idonshi. In an tambaye su wa ya ce haka, sai su ce ɗiyar Na-Allah ta jami'a. Ba wanda ya ce, ita kuma wa ya gaya mata? Don mi za su tambaya? Ni na tambaya?

Na shiga jerin. Wane daga wane daga wane daga Kamila. Ni ce ma ta ƙarshe kafin laka, daga ni sai magina.

Takarda gyaranta ba wuya. In goge 0,35 in sa 0,9, in sake lissafi, yini guda ya isa. In sa sunan tsohon littafin, shafi kaza, layi na huɗu. Mushe Issufu za shi ji daɗi, wataƙila ma shi yabe ni gaban malamai, ga ɗaliba mai bin diddigi. In sa baƙar riga, a ɗauki hoto. Ba wanda za shi tashi daga Kudu shi zo Garu da igiya. In albasa ta ruɓe, ai bara ma ta ruɓe, a ce damina ce, a ce haka Allah ya so, kai ne za ka fara faɗin haka… Astagfirullah. Dubi inda tunanina ya kai. Minti nawa ya ɗauke ni zuwa nan? Ko biyu bai kai ba.

Kamyo shina ta oda bisa titi. Sun fara kiran la'asar masallacin kasuwa.

To ita 0,9 ɗin fa? Ƙasar wa ce? Wata ƙasa ce da wani ya ɗebo bayan wani gari da ban san sunanshi ba, shekara arba'in da sunka wuce. Ba lakar fadamarmu ba ce. Kai kana zuba ƙaiƙayin shinkafa cikin taka, kana taka ta da ƙafa kwana uku har ta yi tsami. Ƙaiƙayi shina rage nauyi. Wataƙila lambarka tana tsakani. Wataƙila bangon ya isa ma, wataƙila kafofin iska su cece mu, wataƙila… Ga ni nan kuma. Lambar da ke min daɗi nike biɗa. Wagga wataƙilar ma ba ta da uba.

Ba wanda ya taɓa auna ƙasar Garu. Duk ɗakunan karatun duniya, duk mujallun nan, ba inda anka rubuta ta. Akwai na'ura can jami'a, ɗakin gwaji na ƙasa, na taɓa ganinta rufe da leda. Sai in ɗauki tubalinka guda, in naɗe shi da zane kada shi fashe, in aza bisa cinya har Kudu. In roƙi Mushe a ɗage min rana, ko in rasa shekarar. Kafin in dawo da amsa an tone albasa. Wata guda ya rage. Ganye ya fara kwanciya, da idona na gani.

A rushe? A ƙara wani layin tubali ta waje? Tubali na son kwana goma kafin shi bushe. Bayanka kuma ciwo shike tun sanyin bana, ka ɓoye min, Inna ta faɗa. Da wane baki za ni ce maka… gaban Abdurazak, gaban mai babur… Kai ne za ka bi su gida-gida, na san ka. Ba za ka ce ɗiyata ta yi kure ba, cewa za ka yi mun yi kure.

Na ɗauki waya. Sunanka ne na biyu cikin jerin sunaye. Na danna, ban san sa'ad da na danna ba.

Tana shiga. Ɗaya. Biyu. Allah sa ka bar ta cikin ɗaki, Allah sa…

Ka ɗauka. Bayanka ina jin su, ina jin lakar tana faɗa ma bango, ɓat, ɓat, wani shina cewa miƙo, wani shina dariya da Dandanci. Numfashinka sama-sama, kana cikin aiki.

Malama? Ina jin ki.

Baba… ina wuni. Baba, bangon… ya kai ina yanzu?